Yadda Za Ka Sa Imel Ya Riƙa Tsara Kansa da Alama da Filta

Akwatin imel da ba a tsara ba yakan binne saƙo mai muhimmanci a ƙarƙashin tarin wasu: alat na banki, rasit, tallace-tallace, takardar kiran taro, sanarwar makarantar yara. Zama kullum ana gogewa da hannu ba ya kai mutum ko'ina. Abin da ke aiki abu biyu ne a haɗe. Na farko alama ce gajera da ake sawa a farkon taken saƙo. Na biyu filta, wato umarnin da ka ba imel ɗinka cewa duk saƙon da ya cika sharaɗi kaza a kai shi wuri kaza tun kafin ka gan shi.

Zaɓen alama

A nan yawancin matsala take farawa, don haka sai a tsaya a kanta sosai. A ce ofis ko ƙungiya sun amince cewa duk saƙon taro zai fara da [TARO], na albashi kuma da [ALBASHI]. A ido abin ya yi kyau. Amma Gmail ba ya ganin waɗannan baka-biyu masu kusurwa idan yana bincike, kamar yadda ba ya kula da yawancin alamomin rubutu. Ba ya kuma bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana. A wurinsa [TARO] da "taro" abu ɗaya ne. Saboda haka ranar da ƙaninka ya turo saƙo mai taken "Ina taro, zan kira anjima", filtar za ta kwashe shi ta kai cikin takardun ofis, kai kuwa kana can kana jiran kira.

Maganin shi ne a ƙirƙiri kalmar da ba wanda zai rubuta ta cikin magana ta yau da kullum. A manna farkon sunan ƙungiyar da kalmar, ba tazara, ba karan ɗori: [KGTARO], [KGKUDI], [AJI3SANARWA]. Baka-biyun don idon mutum ne, kalmar da ke ciki ita ce ta na'ura.

A guji baƙaƙe masu lanƙwasa a cikin alama. Wani zai rubuta KUƊI, wani kuma da allon wayarsa ba shi da ɗ zai rubuta KUDI, kuma bai kamata ka dogara cewa filta za ta ɗauke su ɗaya ba. In alamar ta riga ta bazu a siffa biyu, sai ka sa duka biyun a sharaɗin. Haka kuma Gmail cikakkiyar kalma yake nema. Filtar da aka kafa a kan "jarraba" ba za ta kama "jarrabawa" ba.

Alamar ta zauna a farkon take, domin fuskar waya tana yanke dogon take, abin da ke ƙarshe ba a ganinsa. Kuma alamomi uku zuwa biyar sun wadatar ga ƙaramar ƙungiya. Da zarar sun haura goma, mutane za su fara mancewa ko su ƙirƙiro nasu.

Kafa filta a Gmail

Manhajar Gmail ta waya ba ta ba da damar ƙirƙirar filta. Sai a kwamfuta, ko kuma ka buɗe Gmail a burauzar waya ka zaɓi siffar kwamfuta, duk da rubutun zai yi ƙanana ƙwarai. Amma da ka kafa ta sau ɗaya, tana aiki a kan asusun gaba ɗaya, ko wayarka a kashe take.

A gefen dama na gurbin bincike da ke sama akwai ɗan maɓalli mai layuka uku. Danna shi, fom zai sauko. A layin Subject rubuta alamar, misali KGTARO. A layin From rubuta adireshin mai aikowa, ko kuma sashen da ke bayan @ kawai idan duk mutanen ofishin adireshinsu iri ɗaya ne, kamar example.org. Kada ka yi gaggawar danna Create filter. Fara danna Search ka duba saƙonnin da suka fito, domin su ne ainihin abin da filtar za ta riƙa kamawa. In ka ga baƙo a cikinsu, sharaɗin ya yi faɗi. In wanda kake tsammani bai fito ba, ya yi ƙunci. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke hana yawancin ɓatan saƙo.

In sakamakon ya gamsar da kai, sake buɗe fom ɗin ka danna Create filter. Shafi na biyu zai tambayi abin da za a yi da saƙon. Zaɓi Apply the label ka ƙirƙiri laƙabi, misali "Taro". In kana so saƙon ya daina cunkushe babban akwati, ƙara Skip the Inbox. Can ƙasa akwai Also apply filter to matching conversations. In ba ka zaɓe shi ba, sababbin saƙonni kawai filtar za ta taɓa, tsofaffin su zauna inda suke, har mutum ya zaci ba ta aiki.

Laƙabi a Gmail ba folda ba ne. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyu ko uku, kuma kwafi ɗaya ne. In ka goge shi a ƙarƙashin "Taro", ya tafi daga ko'ina.

Idan sharaɗin ya ɗan yi sarƙaƙiya, a rubuta shi duka a layin Has the words. Ga siffofin da aka fi buƙata:

subject:(KGTARO OR KGKUDI) yana kama ko wanne daga cikin biyun. Dole OR ya kasance da manyan baƙaƙe.

from:example.org subject:KGTARO yana neman sharaɗin biyu su cika tare. Tazara tsakaninsu na nufin "da".

subject:KGTARO -subject:gaggawa yana barin saƙon gaggawa a babban akwati. Alamar ɗebewa a manne take da kalmar, ba tazara.

subject:"kiran taro" yana neman kalmomin biyu a jere kamar yadda aka rubuta.

Inda abin ke lalacewa

Taken saƙo kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Ɗan damfara da ya san yadda taken alat ɗin bankinka yake zai kwaikwaye shi baƙi da baƙi. In ka kafa filta a kan take kaɗai, sannan ka haɗa ta da Never send it to Spam, wato zaɓin da ke hana a jefa saƙo cikin saƙonnin banza, ka buɗe masa ƙofa da hannunka: saƙonsa zai tsallake shingen Gmail ya zauna cikin laƙabin "Banki" tare da na gaskiya, ya sami mutuncin da bai cancanta ba. Duk filtar da ta shafi kuɗi a ɗaure ta da adireshin mai aikowa, wanda ka kwafo daga saƙon da ka tabbatar na bankin ne.

Sai dai ɗaurewa da adireshin mutum ɗaya ma yana da nasa cikas. In sakatare ya aika [KGTARO] ga mutum ashirin, filtar da aka kafa da adireshinsa za ta kama saƙon farko, amma amsoshin sauran mutane za su riƙa dawo da zancen babban akwati, tunda daga wasu adireshi suka fito. A irin wannan zance na jama'a, alamar da ba ta da kama da wata kalma ita kaɗai ta isa, shi ya sa aka nace a kan zaɓenta tun farko. Amsa ba ta ɓata alama, domin Re: (na amsa) da Fwd: (na turawa) gaban take kawai suke shiga. Abin da ke ɓata ta shi ne wani ya goge take ya rubuta nasa.

Game da zaɓin Delete it kuwa, wanda ke sa filta ta goge saƙo, shawararmu a bar shi sai filtar ta yi wata guda tana aiki ba kuskure. Abin da ya shiga kwandon shara kwana 30 yake yi Gmail ya share shi har abada, ba tare da ya sanar da kai ba. A Gmail kuma duk filtar da ta dace da saƙo tana aiki a kansa. In ɗaya ta ce a sa laƙabi, wata tsohuwa da ka manta da ita ta ce a goge, saƙon zai sami laƙabin kuma ya tafi shara. Skip the Inbox yana ba da tsabtar da ake nema ba tare da wannan haɗari ba.

Shi ma yana da farashi: saƙon da ya tsallake babban akwati waya ba ta ƙara a kansa. A Android ana gyara wannan. Shiga Settings na manhajar, zaɓi asusun, shiga Manage labels, taɓa laƙabin, kunna haɗa saƙonninsa da wayar, sannan ka kunna Label notifications. Yi wa laƙabi ɗaya ko biyu masu muhimmanci kawai.

Idan mai aikowa ba ya sa alama

Kamfani ko makaranta ba za su canza takensu don kai ba. Sai ka sa alamar a adireshinka. Gmail yana kawo maka duk saƙon da aka aika zuwa sunanka+makaranta@gmail.com kamar an aika sunanka@gmail.com. Ba makarantar wannan adireshin, ka kafa filta da shi a layin To. Wasu fom na rajista ba sa karɓar alamar tarawa, a nan sai a koma ga adireshin mai aikowa.

Outlook da Thunderbird

Waɗannan wasu manhajojin imel ne. A Outlook sunan filta Rules, yana cikin Settings ƙarƙashin Mail. A Thunderbird kuma Message Filters ne, a cikin Tools. Dukansu suna kai saƙo folda ta gaske, kuma suna bin umarni daga sama zuwa ƙasa, don haka mai ƙuncin sharaɗi a sama, mai faɗi a ƙasa. Outlook yana da Stop processing more rules, wanda ke hana umarnin ƙasa taɓa saƙon da na sama ya riga ya kama. Suna kuma duba rubutun yadda yake, har da baka-biyun, don haka [TARO] yana aiki a nan fiye da a Gmail. A zaɓi sharaɗin "take ya ƙunshi" maimakon "take ya fara da", domin Fwd: a gaba yana rusa na biyun. Filtar Thunderbird a kan kwamfutar take zaune: in manhajar a rufe take, saƙon zai jira a babban akwati, haka za ka gan shi a waya.

Duk filtocin Gmail suna jere a Settings, See all settings, shafin Filters and Blocked Addresses. A nan ake gyara su, a goge, ko a danna Export a ajiye su a fayil don ɗora wa wani asusun. In wani ya ce ya turo saƙo ba ka gani ba, rubuta in:anywhere da adireshinsa a gurbin bincike, wanda ke dubawa har cikin shara da Spam. Laƙabin da ka tarar a jikin saƙon, ko wurin da ka same shi, zai nuna maka filtar da ta ɗauke shi, sai ka je ka ƙuntata sharaɗinta.