Yadda ake warware abin da ya cakuɗe a zuciya ta hanyar jin labarin wanda ya riga ka shiga

Akwai damuwar da mutum ya san sunanta. An yi masa rasuwa yana baƙin ciki, an ci amanarsa yana fushi, kuma kowa ya san abin da zai ce masa. Mai wuyar ita ce wadda abu biyu ko uku suka haɗu a ƙirji ɗaya har mutum yake jin kunyar kansa. Matar da ta yi shekaru tana jinyar mahaifinta, ranar da ya cika ta ji wani sanyi ya sauka a ranta, daga baya ta tsani kanta saboda wannan sanyin. Uwargidan da aka yi wa amarya, tana son mijinta, ba ta ƙin yarinyar, amma abinci ba ya wuce mata wuya ranar da ba girkinta ba. Saurayin da abokinsa ya samu aiki a Abuja, ya taya shi murna tsakani da Allah, ya koma ɗaki ya kasa barci. Mai jegon da gida ya cika da 'yan barka, ita kuwa kuka kawai take son yi.

Tunani kai kaɗai ba ya cika warware irin wannan, domin wuri ɗaya yake zagayawa. Abin da ya fi saurin buɗe shi shi ne ka ji wani ya faɗi abin da kake ɓoyewa, da bakinsa, a kan tasa rayuwar. Irvin Yalom, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya daɗe yana nazarin jinyar mutane a rukuni, ya sa wannan cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi: mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne. A 2007 kuma, Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna ta hoton ƙwaƙwalwa cewa idan mutum ya ambaci sunan wani yanayi na zuciya, sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da tsoro yana lafawa. Labarin wani yana ba ka sunan da ka rasa. Sai dai abin yana da ƙa'ida, kuma wanda ya yi shi sakaka yakan dawo da ciwon da ya fi wanda ya tafi da shi.

Kafin ka nemi kowa

Fara da kanka. Masanin halayyar ɗan'adam James Pennebaker ya gwada wata hanya tun 1986: mutum ya zauna minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu a jere, ya rubuta abin da ke damunsa ba tare da gyara ba. Boko ko ajami duk ɗaya ne. Wanda ba ya rubutu ya naɗi muryarsa a waya, ya saurara sau ɗaya, ya goge. Ka raba abin gida uku: abin da ya faru, abin da jikinka ya yi (barci, cin abinci, faɗuwar gaba, ciwon kai), sai abin da kake tsoron mutane za su ce da sun san me ka ji. Ƙullin yana gida na uku kusan kullum. Wanda ya tsallake wannan matakin yakan je wurin mutane ba tare da ya san me yake nema ba, sai ya kwashi duk abin da aka zuba masa. Idan rubutun yana tayar maka da hankali har ka kasa aikin yini, dakata da shi, ba dole ba ne.

Wa za ka tambaya, kuma ta yaya

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana son wanda halinsa ya yi kama da naka, amma ya riga ka fita daga tsakiyarsa. A ganinmu tazarar shekara ɗaya ko fiye ita ce daidai. Wanda yake cikin abin yanzu bai gama gane nasa ba, wanda kuma ya yi shekara ashirin da wucewa yakan manta zafin ya riƙe darasin kawai. Kada ya zama yana da hannu a maganar: mai damuwar kishiya ba za ta je wurin ƙanwar miji ba, komai kirkinta. Gwajin riƙon sirri mai sauƙi ne. Duk wanda ya taɓa kawo maka sirrin wani, zai kai naka.

Nemi mutum biyu ko uku. Labarin mutum ɗaya yakan zama doka a kan mai sauraro, ya ɗauka dole nasa ya bi ta can.

A Gombe da Bauchi, inda kara da filako suke da daraja, tambaya kai tsaye tana rufe baki. In ka ce wa dattijuwa “me kika ji a ranki?” amsar ita ce “Alhamdulillahi, sai godiya,” kuma magana ta ƙare. Tambayar da ke aiki ƙarama ce, mai kama abu guda. Ga misali. Mace ta je gidan gwaggonta da hantsi, ta tarar tana gyaran wake, ta jawo faifai ta kama. Bayan an gama gaisuwa da tambayar yara, sai ta ce, “Gwaggo, wai lokacin takabarki, dare ne ya fi miki tsawo ko rana?” Hannu yana aiki, ido yana kan wake, babu wanda yake kallon wani. Gwaggo za ta iya cewa, “Ke dai bari, 'yar nan. La'asar ce, lokacin da yakan dawo daga kasuwa.” Daga nan ba a buƙatar wata dabara sai “to, sai me ya faru?” da yin shiru. Shirun ya fi komai wuya, domin mai tambaya yakan yi gaggawar cike shi da nasa labarin.

Al'adarmu ta riga ta buɗe wasu ƙofofi. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, ko tsakanin taubasai, yana ɗauke nauyin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Maza kuwa su guji majalisa, inda komai ke zama abin raha ko muhawara. Tafiya gida bayan sallar Isha'i, ko hanyar gona, ko zama a shago bayan an rufe, sun fi.

Abin da ake saurare

Kana sauraro kana tankaɗe, kamar mai tankaɗen gari: wani ya wuce, wani ya tsaya a rariya. Akwai maganar da in ta fito za ka ji gabanka ya faɗi ko idonka ya kawo ruwa. Wannan taka ce, riƙe ta yadda aka faɗe ta. Akwai wadda ta yi kusa amma ba ta dace ba, sai ka tambayi kanka ina bambancin yake. Akwai kuma wadda ba taka ba ce sam, kuma ita ma tana da amfani. Matar da ta ji wata tana cewa tsoron talauci ne ya fi damunta bayan saki, ta lura ita ba wannan ba ne, ta matsa kusa da gane cewa nata ciwon wulaƙancin da aka yi mata a gaban dangi ne.

Ɗauki yadda mutum ya ji, bar masa hukuncin da ya yanke. Wata ta yi yaji ta samu sauƙi, wata ta zauna ta samu sauƙi, kuma kowacce da irin mijinta, da 'ya'yanta, da ƙarfin gidansu. A ranar da aka yi hirar, kafin ka kwanta, rubuta jimla ɗaya ko biyu da suka taɓa ka. Bayan kwana biyu ƙwaƙwalwa takan sake musu fasali.

Haka ake yi da labaran da ake ji a shirye-shiryen rediyo ko ake karantawa a Facebook, da ƙari ɗaya: waɗanda suka fi yaɗuwa su ne mafiya muni, don haka ba su ne ma'aunin rayuwa ba. Minti 20 ya isa, kuma ba a kan gado da dare ba.

Idan za a kafa zama

Wani lokaci mutane huɗu ko biyar masu hali ɗaya suna unguwa ɗaya, a Jekadafari ta Gombe ko Fadaman Mada ta Bauchi, kowa yana ɗaukar kansa shi kaɗai. An gwada zaman rukuni a ƙauyukan Uganda, maza daban mata daban, aka wallafa sakamakon a 2003, kuma ya rage ciwon damuwa sosai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan hanyar: mutum 6 zuwa 10, zama takwas, kowane zama minti 90. Wancan jinya ce da wanda aka horar yake jagoranta, zaman unguwa bai kai matsayinta ba, amma ma'aunin yana da kyau a ara. Ƙasa da mutum huɗu, in ɗaya bai zo ba zama ya watse. Sama da goma, masu kunya ba za su taɓa samun fili ba.

Ga mata, tsakanin Azahar da La'asar ya fi dacewa. Wuri ya zama mai ƙofa: ajin Islamiyya bayan an tashi, ko ɗaki a coci bayan zumuntar mata. Tsakar gida ba ta yi ba, saboda yara da masu shigowa aron turmi. A tara wayoyi a faifai a bakin ƙofa. Minti 10 na gaisuwa da addu'a, kusan sa'a ɗaya ta magana wadda za a raba daidai, sauran na rufewa. Mai jagoranci aikinta riƙe lokaci da kare mai magana, ba ita ce malama ba. Kada a haɗa kishiyoyi, ko suruka da matar ɗanta, ko mai gida da yaronsa. Kada kuma a sa adashi a ciki. Da zarar kuɗi ya shiga, wadda ba ta da zubi za ta daina zuwa, kuma sau da yawa ita ce ta fi buƙatar zaman.

A faɗi ƙa'ida da baki a kowane zama: abin da aka ji a nan amana ne, ba a kama sunan wanda ba ya nan, ba a ba da shawara sai an nema, kuma wanda ba ya son magana yau yana da damar yin shiru. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana. In sirri ya fita, a dakatar da zaman a yi maganar a fili. Rufe ido a ci gaba yana sa kowa ya koma faɗin abin da ba shi da haɗari, sai a ci gaba da taruwa babu amfani.

Ga masu rashi, lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan 'yan ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, ga mai takaba kuma bayan wata huɗu da kwana goma. A lokacin ne gida ke yin shiru, jama'a kuma suna zaton an warke.

Abin da ke ɓata shi

Na farko shi ne “ki yi haƙuri” da ya zo da wuri. Haƙuri gaskiya ne, amma in aka jefa shi kafin mutum ya kai ƙarshen jimlarsa, abin da yake ji shi ne “rufe bakinka, imaninka ya yi rauni.” Alhali Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mai jagoranci ta ce, “Hajiya, bari ta ƙarasa tukun,” ta bar nasiha zuwa ƙarshe.

Na biyu gasar wahala: “ai naki mai sauƙi ne, ni da…” Wannan yana mayar da mai magana cikin kunyar da ta kawo ta.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Masaniyar halayyar ɗan'adam Amanda Rose ta bayyana shi a 2002: aminai su riƙa maimaita damuwa ɗaya suna tona ta, zumuncinsu yana ƙaruwa, damuwar ma tana ƙaruwa. Alamarsa ita ce labari ɗaya yana dawowa mako uku a jere babu sabon abu, kuma ana tashi jiki ya fi nauyi. Maganinsa a rufe kowane zama da tambaya biyu ga kowa: me kika gane yau wanda ba ki gane ba a da, kuma wane ƙaramin abu za ki gwada kafin mako mai zuwa? A zama na gaba a fara da amsar.

Inda hira ba ta isa ba

Idan mutum ya kai mako biyu yana cikin ƙunci kusan kullum, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, aiki ya gagara, wannan na asibiti ne. Kukan jego na kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu, wanda ya zarce haka a kai ta a duba. Mai jegon da ta rikice, ba ta barci sam, tana jin muryoyi ko tana zargin za a cutar da jaririn, a kai ta a ranar, kada a jira. Baƙin cikin rashi da ya wuce wata shida yana hana mutum rayuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da ake jinya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe duka suna da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyaci. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su.

Idan wani a zaman ya ce gara ya mutu, ko ya ce iyalinsa za su huta in ba shi, a tambaye shi kai tsaye a keɓe: “Kana tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, riƙon sirri ya ƙare a nan, kuma a gaya masa haka. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a sanar da babba ɗaya da ya yarda da shi, a raka shi sashen gaggawa. Wanda ya raka shi ya gaya wa likita yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, wane magani yake sha har da na gargajiya, da ainihin kalmomin da ya faɗa.