Kurakuran da muke yi wa injin yankan katako na gwanjo, sannan mu ce an cuce mu

Duk kafintan da ya sayi injin nan mai tebur mai gudu, wanda muke ce ma silaida, ya san ranar farko daɗi kamar an kawo amarya, bayan wata biyu kuma sai ka ji ana cewa wallahi dilan nan ya cuce ni. Nima na faɗi haka. Nawa daga Kano anka ɗoro shi bisa mota ta Funtuwa da Tsafe har nan Gusau, tsohon SCM ɗan Italiya, kuma mafi yawan abin da na ɗora ma injin daga baya na gane ni da yarana muka jawo shi. Injinan nan irinsu Altendorf na Jamus, wanda kamfaninsu ne ya fara ƙera irin wanga inji tun 1906, ko Felder ko Robland, an yi su ne su daɗe, abin da ke kashe su hannunmu ne kawai.

Farko dai wuta. Mafi yawansu fes uku ne, wato masu wayar wuta uku, bolt 380 zuwa 415, moton kuma zaka samu 4 ko 5.5 ko 7.5 kilowat. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a haɗa waya a kunna da zarto a ɗaure. In fes ɗin ya juye moton baya zai yi, kuma notin da ke riƙe da zarton an yi shi ne ya ƙara ɗaurewa in yana juyawa daidai, to in ya yi baya kwancewa zai yi. Cire zarton tukuna, kunna ka kalli sandar da ake ɗaura zarton a kai, in baya take yi a musanya waya biyu cikin ukun shi kenan. Kuma duk sanda anka taɓa layin unguwa ko anka sauya janareto a sake dubawa.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne fes ɗaya ya ɗauke biyu su rage. Moton ba zai tashi ba sai gurnani, yaro kuma ya tsaya yana danna maɓalli yana cewa Oga ya ƙi tashi, kafin ka ƙaraso warin kwayil ya cika shago. Akwai ɗan rilen da ke yanke wuta in fes ya ɓace, kuɗinshi bai kai rabin kuɗin naɗin kwayil ba, a sa shi. Sai obalod, abin da ke yanke wuta in aiki ya yi ma moto yawa, watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 yana yawan faɗuwa, sai wani mai wayau ya ce a haɗe shi kai tsaye a huta. Kar ka yarda. Buɗe murfin fankar moton ka gani, dusar katako ce ta toshe ta. Game da janareto kuma, moto mai 5.5 yana cin kusan amfiya 11 in yana aiki amma lokacin tashi yana jan wajen ninki shida in kai tsaye anka haɗa shi, shi ya sa ƙaramin janareto ke durƙusawa.

Yanzu giris. Nan ne nake son in daɗe don nan na fi yin ɓarna. Da teburin ya fara nauyi wajen turawa sai na sa yaro ya lafta ma layin da teburin ke gudu a kai giris, kwana biyu yana tafiya kamar bisa ruwa, munka ce an gama. Hunturu na shigowa ƙura da dusar MDF, allon nan na garin katako, sunka haɗu da giris ɗin sunka zama wani ƙullu mai kama da tuwon da ya kwana, ƙwallayen da teburin ke gudu a kansu sunka riƙa hawa bisa ƙullun, kana tura allo kana jin gif gif a tafin hannunka, yankan kuma ya fito da tabo wuri-wuri. Na yi zaton layin ya cinye har na fara tambayar kuɗin wani. Wani dattijon makanikin injina ya zo ya sa yatsa ya lakato ya nuna mani, bai ce komai ba ya ce a kawo kananzir da tsumma. Awa biyu muna gogewa. Layin silaida a bushe yake son zama, ka share shi kullum da tsumma in an tashi aiki, in zaka sa mai to ɗan kaɗan a jikin tsumma ka goge ka sake gogewa da busasshe. Akwai 'yan soso ko roba a bakin teburin masu share layin, a injin gwanjo yawanci sun mutu, ka sauya su ko da yankakken bargo ne. Baƙin mai kuwa ko kusa. Shi ma teburin ƙarfen, wanda ba ya gudu, da damina in yana tsatsa, goge da sanfefa mai laushi ka murza kyandir, ba ya ɓata katako kuma allo ya fi zamewa.

Sai masu saurin ɗaukar sifana. Yanka bai fito daidai ba, mutum ya shiga ƙarƙashin inji ya kwance notocin da ke riƙe da silaida, wato shi teburin mai gudu, waɗanda tun daga kamfani anka saita su, daga nan an shiga uku don dawo da su sai mai haƙuri da abin awo. Kafin ka taɓa su duba ƙasa. Shagunanmu da yawa daɓen ba daidai yake ba, wani ma ƙafa ɗaya bisa guntun katako take, tebur mai tsawon mita 3.2 kuwa in gindin ya murɗe dole ya nuna. Sa lebul, cusa ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafu ba katako ba. Bayan nan cire zarto ka goge faifan nan biyu da ke matse shi, ɗan datti kamar ƙwayar gero a wurin ya isa ya sa zarto rawa. In ka yi wannan duka abin bai gyaru ba sannan a yi maganar noti. Kuma ka sani da gangan anka sa silaida ta ɗan fi teburin ƙarfe tudu kamar kaurin takarda biyu, kuma tana ɗan buɗewa daga zarton kaɗan don haƙoran baya kar su sake cin katako, ba lalacewa ba ce.

Maganar sukwaya, daina gwada majinginin gicciye, wato ƙarfen da allo ke jingina da shi bisa tebur mai gudu, da ƙaramar sukwayar aljihu, allon ƙafa 4 da 8 zaka yanka, kuskuren da ido bai gani a taƙi ɗaya a ƙofar wadirof zai fito. Ɗauki allo kamar mita ɗaya kowane gefe, yanke gefe ɗaya, juya gefen da ka yanke ya jingina da majingini ka yanke na gaba, haka har huɗu, na biyar ka fitar da siririn yanki kamar milimita 10. Karya shi ka haɗa kai da gindi. In kaurinsu ɗaya ka gama. In akwai bambanci raba shi huɗu, wato in ka ga milimita 2 to kuskurenka rabin milimita ne, ɗan taɓa notin saitin kaɗan ka sake. Nakan yi sau uku ko huɗu kafin ya zauna, kuma a riƙa goge wurin da majinginin ke zama don dusa na maƙalewa nan.

Zarto ɗaya ba ya yin kowane aiki, wannan kowa ya sani amma kowa na yi. Mai haƙora 96 na allo mai leda ne, in ka tsaga maɗaci ko madobiya da shi sai hayaƙi da baƙin tabo, moton na kuka. Tsagar katako mai haƙora 24 zuwa 28 take so. Sau da yawa kuma zarton da ake cewa ya dakushe ƙaro ne kawai ya manne ma haƙoran, jiƙa shi a kananzir ka goge da tsohon burushi. In wasawa ce ta kama a kai ma mai dutsen daimon, haƙoran kabayid ba a wasa su da dutsen wuƙa.

Ƙaramin zarton da ke gaban babban ma mutane na kashe shi su ce ba ya da amfani, sai bakin allo ya riƙa ɓantarewa ta ƙasa a zo ana ɓoyewa da tef. Shi baya yake juyawa da gangan, kuma aikinshi ya tsaga ledar ƙasa kawai, milimita 1 zuwa 2 ya isa. Saita shi ya hau layi ɗaya da babban, faɗinshi ya ɗara na babban da ƙyar, gwada a guntu kafin ka sa allon mutane.

Bel da boris ba dogon zance, in kana jin ƙara cire bel ka juya sandar da hannu, in tana ƙarar yashi boris ne, sauya duka biyun lokaci ɗaya. Kar a ɗaure bel kamar igiyar rijiya, shi ke kashe boris ɗin.

Abin da na fi faɗa da yara a kai shi ne ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke bayan zarto. Wasu injinan ma ba su zuwa da shi, wasu kuma mu ke cirewa wai yana tare hanya. Ɗanyen katako in ana tsagawa yana matsewa ta baya, in ba ƙarfen nan sai ya cafke zarton, zarton kuma ya wurgo shi. A shagona guntun malaina ya taɓa tashi ya wuce ta gefen kunnen yaro ya huda kwanon ƙofa, ramin na nan har yau ban toshe ba, duk sabon yaro sai na kai shi ya sa yatsa a ciki. In naka babu a yanka maka wani, kaurinshi ya fi jikin zarton amma kar ya kai faɗin haƙora, misali zarto mai jiki 2.2 da haƙora 3.2 ƙarfe mai 2.5 ko 2.8 ya yi, tazararshi da haƙora milimita 3 zuwa 8. Majinginin tsaga, wanda katako ke bi in ana tsagawa, shi ma kar bayanshi ya matso wajen zarto. Kuma ba mai sa hannu cikin inji don an ɗauke wuta, a kashe daga babban suwic tukuna, don wutar nan ba ta sallama in zata dawo. Mai riga mai faɗin hannu ya naɗe ko ya cire, ranar Juma'a ma da an dawo masallaci sai an sauya kaya kafin a taɓa maɓalli.