Ɗaukar bidiyon waƙa da sabuwar kyamara a zafin Kebbi

In ka samo hayar kyamarar Sony FX3 ko Blackmagic 6K to kar ka yi saurin fita, saita ta kan firem 25 (hotuna 25 a sakan ɗaya) da shata 1/50 (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) tukunna, sannan ka ɗaura gilashin ND mai rage haske don wallahi ranar Birnin Kebbi sai ta ƙone maka fuskar mawaƙi fari fat. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, bakin kogin Matan Fada a Argungu hasken lokacin ba a magana. Kunna waƙar a sifika mawaƙin ya riƙa bi da baki, in ba haka ba wajen editin zaka sha wuya. Blackmagic akwai cin batir, riƙe guda uku da SSD na ajiye bidiyo. Lokacin hazo kuma kar ka canza lens (gilashin gaban kyamara) a fili saboda ƙura, shiga mota.