Jita mai sunan gwani: kurakuran da ke lalata ta a Zariya

Duk shekara abu ɗaya ne. Sanyi ya shigo a Nuwamba, kafin ƙarshen Janairu jitoci sun taru wurin gyara, daga makaɗan coci na Sabon Gari da Wusasa, da ɗaliban Samaru, da samarin da suka ji Bombino da Mdou Moctar suka ce su ma sai sun iya. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu jitar lantarki da kamfani ya ƙera da sunan wani gwanin kiɗan rok, bisa tsarin jitocin shekarun 1950 da 1960. Sabuwa ko gwanjo, kuɗi ne mai yawa, kuma yawancin ɓarnar mai ita ne ya yi ta da hannunsa, yana ganin gyara yake yi.

Irin wannan jita kamar riga ce da tela ya ɗinka wa mutum ɗaya. Jitar Stratocaster ta Eric Clapton da kamfanin Fender ya fitar a 1988 an tokare tiremolonta, wato ƙarfen nan mai hannu da ake dannawa don girgiza sauti, da guntun katako don shi ba ya amfani da shi, an kuma sa mata da'irar ƙara sauti mai ƙarfin desibel 25 da ke cin batir mai bolt 9. Ta Stevie Ray Vaughan, wadda ta fito a 1992, tiremolon bahago aka ɗora mata alhali ta mai dama ce, saboda haka tasa take. Telecaster ɗin Jimmy Page ta 2019 doron wuyanta na da ne, mai lanƙwasar inci 7.25. Duk da gangan aka yi su. Kafin ka ɗauki sukudireba, nemi takardar bayanin jitarka ka san abin da aka nufa da kowane sashe.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin kuɗi, shi ne abin da ake yi wa wuya da hunturu. Katakon jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Iskar hunturun Zariya, wadda ke fasa mana leɓe da dunduniya, tana sauka ƙasa da haka nesa. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Shi ya sa bakin firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuya, ke leƙowa gefe suna yankar hannu, wuyan kuma yawanci ya ƙara lanƙwasowa gaba, tsirkiyoyi su yi sama. Sai ɗan'uwa ya ji an ce akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa, ya ɗauko alanki ya yi ta juyi kamar mai ɗaure tayar mota. Haba! Sandar nan ba don a sauke tsirkiya aka yi ta ba, aikinta daidaita lanƙwasar wuya kawai. Juyi biyu ko uku a lokaci ɗaya ya isa ya cinye zaren notin ko ya tsinka sandar. A Fender sai sabon wuya, wanda ba shi ne mai sa hannun gwanin ba. A jitar kamfanin Gibson, da wuyanta manne yake da jiki, sai an ɗaga doron wuyan gaba ɗaya, aikin da ba kowa ke iya shi ba a nan.

Ga yadda nake yi. A ɗaure tsirkiyoyi daidai saitinsu, a sa kafo, wato abin matsi da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, a danne tsirkiya mai kauri a firet na ƙarshe, a auna ratar da ke tsakaninta da firet na 8 da fila geji, irin wanda makanikai ke auna bakin fulogi da shi. Wuya mai inci 7.25 yana son kimanin milimita 0.3, mai inci 9.5 zuwa 12 kuwa milimita 0.25. In ratar ta yi yawa a murɗa dama, in babu rata a murɗa hagu. Ni ba na wuce rabin kwatar zagaye a zama ɗaya. Wasu na yin kwata, ban hana su ba. Daga nan a sake saiti, a bar ta ta kwana, a sake awo. In notin ya yi tauri, tsaya nan.

A kula da makullin ma. Jitocin Fender na Amurka da inci aka yi notinsu, da yawa alanki mai 1/8 suke so. Wanda ake samu a Kasuwar Sabon Gari galibi na milimita ne, mai 3 zai shiga ya yi kamar ya kama, sai ya zame ya goge kusurwoyin notin. Gibson kuwa soket mai inci 5/16 ne. A tsarin Fender na da, notin yana gindin wuya: sai an sassauta tsirkiyoyi, an kwance kusoshi huɗu na baya kaɗan, an ɗago wuyan kafin a kai gare shi. Mai gaggawa yakan cusa sukudireba a karkace ya ɓantare fenti da robar fuska.

Kuma kafin duk wannan, a ba katakon danshi tukuna. Soso mai tsabta, a jiƙa a matse har ya daina ɗiga, a sa a robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye cikin akwatin jita ta wajen kai, a rufe. A riƙa dubawa duk kwana biyu. Sau da yawa cikin sati biyu wuyan ya koma da kansa. In bakin firet bai koma ba, a goge shi da ƙaramar zarto mai laushi a tsakiyar hunturu, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewa, bayan an rufe gefen da salatif na takarda. Sau ɗaya ake yi. Da damina ta sauka a cire soson, don lokacin katako kumbura yake, wuya ya koma baya, tsirkiya ta fara zizar firet, sai a sake awo. Don Allah a daina shafa man gyaɗa, man kaɗe ko basilin a doron wuya da sunan maganin bushewa. Suna yin ɗoyi, suna kama ƙura, suna sassauta zaman firet. Doro mai baƙin katako ɗigo biyu ko uku na man da aka yi dominsa ya ishe shi sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge nan take. Farin doro mai shafin fenti ba ya son komai sai tsumma.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don wannan rai ake magana. Sautin da ake nema a waɗannan jitoci yana fitowa ne ta amfilifaya mai kwalabe, wato na'urar ƙara sauti mai ƙananan bututun gilashi a ciki, shi ya sa mutane ke sayo na gwanjo. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 yake ci, wutarmu 230 ce. Canza bakin fulogi ba ya canza wuta. Ana jonawa taransifoman ciki ya ƙone, wani lokacin kafin fis ya yi aikinsa. Karanta farantin baya. In 120 ne, sai taransifoman rage wuta wanda ƙarfinsa ya ninka abin da amfilifayar ke ja daga soket, ba wat ɗin da take fitarwa zuwa lasifika ba, domin mai fitar da wat 40 tana jan abin da ya ninka haka. In fis ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Mai naɗe fis da waya ko takardar sigari ya cire kariya ɗaya tilo da ke tsakaninsa da gobara.

Sai atin, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul, ma'ana duk lokacin da kake kiɗa kana riƙe da ƙarfen amfilifayar ne. Gidaje da ɗakunan taro da yawa a garin nan soket ɗinsu ramin atin ado ne, babu waya a bayansa. Wasu kuma da kansu suke karya ƙafa ta uku don fulogi ya shiga. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows wuta ce ta kashe shi a kan dandamali a Swansea a 1972 da ya taɓa makirufon da ba shi da atin. Keith Relf na Yardbirds ya mutu a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar lantarki. In ka ji ɗan cizo a yatsa, ko a leɓe wajen makirufo, wannan ba abin da ake sabawa da shi ba ne. Ajiye jitar, kira mai gyaran wuta ya gwada soket ɗin da mita. Jita da makirufo su ci daga layi ɗaya mai atin na gaskiya. Kada a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti, musamman da damina. Kada kuma ka buɗe bayan amfilifaya mai kwalabe don an kashe ta: akwai bolt ɗarurruwa da ke kwance a ciki bayan an cire fulogi.

Janareto a fara tayar da shi ya daidaita kafin a jona, a kashe amfilifaya kafin a kashe shi, a sa sitabilaiza a tsakani. Amfilifaya mai kwalabe ba a kunna ta ba tare da lasifika a jone ba, kuma lambar om da aka rubuta a jikinsu ta dace, 8 da 8, 16 da 16. Ƙananan akwatunan takawa na canza sauti yawanci bolt 9 suke ci, amma tsakiyar bakinsu nagetif ne, saɓanin adaftar da ake sayarwa ta rediyo. Duba zanen kafin ka jona.

Yanzu maganar ƙugi. Fikof, wato ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta, in mai naɗi ɗaya ne irin na Stratocaster da Telecaster, dole ya ɗauki ƙugin wuta, a nan mai bugu 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan ne Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson fikof mai naɗi biyu da ya hau jitarsu Les Paul a 1957. To sai ka ga an ciro fikof na asali an sa na arha don a kashe ƙugi, ƙugin ya tafi da sautin gaba ɗaya. Matsa daga janareto, sitabilaiza, cajar waya da fitilun da ke da ɗan taransifoma. Juya jikinka a hankali, akwai kusurwar da ƙugin ke raguwa. Rufe maɓallin murya tsakanin waƙa da waƙa. In ƙara tana raguwa da ka taɓa tsirkiya, lafiya lau ne. In ƙaruwa take yi, an juya wayoyin ramin kebul ko wayar atin ta cire.

Ɗaga fikof kusa da tsirkiya don a samu ƙarfi shi ma ɓarna ne. Maganaɗisun yana jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa, saiti ya ƙi zama a saman wuya. Danne firet na ƙarshe ka auna: ga fikof irin na da, kimanin milimita 2.4 ta gefen mai kauri, 2 ta gefen siririya. Ni nakan ƙara saukar da shi kaɗan, na fi son sautin ya buɗe.

Kwaikwayon tsirkiyar gwani ido rufe wani ciwo ne. Vaughan ya yi amfani da masu kauri da ke farawa daga lamba 13, amma yana sauke saitinsa da rabin mataki, ga hannu irin nasa. Ka ɗora su a cikakken saiti, wuya ya lanƙwashe, tiremolo ya ɗaga gindi, ramukan da tsirkiya ke bi a kai su matse ta, yatsunka su fashe. Fara da 9 ko 10. Duk canjin kauri yana jan sabon awon wuya da na bayan jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa. In buɗaɗɗiyar tsirkiya tana kan saiti amma sautin firet na 12 ya haura saiti, ja mazauninta baya, in ya gaza, matso da shi gaba.

Wuya mai inci 7.25 ba ya son tsirkiya ƙasa sosai. Ka sauke ta, in ka tura ta sama da yatsa sautin ya shaƙe. Bar milimita 2 ga mai kauri, 1.6 ga siririya a firet na 17. Kada a goge firet saboda wannan, ba su da laifi.

Fentin naitiro, wanda Gibson ke amfani da shi da wasu jitocin Fender masu tsarin da, siriri ne kuma ba ya jure sinadari. Robar majinginin jita mai arha tana narka shi, a naɗe wurin da tsumman auduga. Turare mai barasa da man korar sauro suna cin sa, kuma mu mutanen turare ne, a bari hannu da riga su bushe tukuna. In ta fito daga zafin but ɗin mota da bazara zuwa ɗaki mai na'urar sanyi, a bar akwatin a rufe kamar awa ɗaya, in ba haka ba fentin ya tsattsage. Gara ma kada ta shiga but ɗin.

Les Paul ba a jingina ta da bango ko amfilifaya. Kanta a karkace yake da digiri 17, wuyan kuma a nan ya fi rauni, faɗuwa ɗaya ya isa. A kan babur ko Keke Napep sai cikin akwati mai tauri, an cusa tsumma ƙarƙashin kai da samansa.

Jita mai batir a cire mata kebul in an gama, shi ne makunninta. Kebul ya tsaya mita 3 zuwa 5, dogo yana cinye kaifin sauti. A goge tsirkiya bayan kowane kiɗa, gumi da ƙurar hunturu ke kashe ta. Feshin da ake sa wa ƙarfe mai tsatsa ba ya shiga maɓallin murya, akwai na wanke kayan lantarki daban.

Mai sayen Gibson ta gwanjo ya kwance murfin da ke kan kai kafin ya biya. Ta asali kusoshi biyu ke riƙe murfin, a ƙarƙashinsa noti ne na tagulla mai kusurwa shida da soket ke kamawa. In ka tarar da kusoshi uku da ramin alanki alhali an rubuta Gibson, mayar masa da kayansa.