Yadda za ka bi wasannin kurket na T20 tsakanin ƙasashe ba tare da kanka ya ɗaure ba

Mafi yawan mutanenmu idan suka ci karo da kurket a talabijin minti biyu ne su canza tasha, wai wasa ne da ake kwana biyar ana yi kuma a tashi babu wanda ya ci. To eh, akwai irin wannan, shi ake kira Test, amma ba shi nake nufi ba. Akwai mai iyaka, wanda aka ƙayyade yawan jifan da kowace ƙungiya za ta karɓa, kuma shi iri biyu ne: ODI mai oba 50 wanda ke cin wuni guda, da T20 mai oba 20 wanda a cikin awa uku da ɗan wani abu an gama an watse. Da T20 za ka fara, kar ka wahalar da kanka. Zan yi maka misali da ziyarar da Ingila ta kai Pakistan a watan Satumba zuwa farkon Oktoba na 2022, wasa bakwai, don duk abin da sabon ɗan kallo yake buƙatar ya gane ya faru a cikinta.

Abu na farko ka san me ake cewa oba. Jifa shida ne daga hannun mutum ɗaya, idan ya gama sai wani ɗan ƙungiyarsu ya karɓa daga ɗaya ƙarshen wurin jifan, kenan oba 20 jifa 120 ne, kuma a T20 babu mai jifan da zai wuce oba 4 komai iyawarsa, shi ya sa dole kyaftin ya samu aƙalla mutum biyar masu jifa ya kuma san lokacin da zai ɓoye gwaninsa da lokacin da zai fito da shi. Kowace ƙungiya mutum 11 ne, ɗaya ta fara bugu ta tara maki ɗayar na jifa, a zagaye na biyu su canza, wadda ta bi baya ta yi ƙoƙarin wuce makin ta farko. Masu bugu biyu ne a fili a lokaci guda, idan suka buga suka yi gudu suka canza wuri maki ɗaya kenan, idan ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar bakin fili maki 4, idan ta tsallake ta a sama ba ta taɓa ƙasa ba maki 6. Ana fitar da mai bugu idan aka jefe sandunan nan uku da ke bayansa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta faɗi, ko aka karya sandunan yana tsakiyar gudu, ko ya tare da ƙafa ƙwallon da za ta doki sanduna, wannan na ƙarshen shi ne LBW kuma kar ka damu da shi yanzu, ko su da suka tashi a cikin wasan har gobe suna musu a kansa. Idan mutum goma suka fita an gama da ƙungiyar ko da jifa ya rage.

Sai karatun lambobin da ke ƙasan allo, wallahi nan ne mutane ke ɓacewa. Idan ka ga 199/5 to maki 199 ne, an fitar da mutum 5. Wannan shi ne ainihin abin da Ingila ta tara a wasa na biyu a Karachi ranar 22 ga Satumba. Sannan idan ka ga 19.3 a gefe ba lissafin makaranta ba ne, oba 19 ne cikakku da jifa 3 a na ashirin, babu wani 19.7 a duniya. A daidai 19.3 ɗin nan ne Pakistan ta kai 203/0, wato ta cinye wasan ba a fitar da ko mutum ɗaya ba, Babar Azam yana da 110 Mohammad Rizwan yana da 88. Shi ya sa aka ce ta yi nasara da wikit 10, wato mutum goman da ba a fitar mata ba. Ƙa'idar ita ce idan wanda ya bi baya ya cimma makin, ana faɗin nasarar da yawan mutanen da suka rage masa, idan kuma ya gaza ana faɗin ta da yawan makin da ya rage ya kai. Wani ɗan tarko kuma: 'yan Ostareliya su a juye suke rubuta nasu, 5/199, kar ka ga haka ka ɗauka an fitar da mutum ɗari da casa'in da tara.

Yanzu ga abin da in ka kama shi ka kama kurket ɗin gaba ɗaya. A zagaye na biyu, lokacin da ake bin maki, ka manta da komai ka zuba ido kan abu biyu kawai, maki nawa ya rage da jifa nawa ya rage. Idan ana neman 60 a jifa 60 masu bugu suna cikin inuwa. Idan ana neman 60 a jifa 30 to sai an riƙa samun 12 a kowace oba, nan za ka ga sun fara ɗaga ƙwallo sama ko ta halin ƙaƙa, kuma a nan ne ake cafe su. Duk jifan da ya wuce babu maki nauyi ne ya ƙaru a kan na gaba, shi ya sa za ka ji filin ya ɗauki ihu alhali a ganinka ba abin da ya faru. Wasa na biyar a Lahore ya nuna wannan sarai, Pakistan 145 kawai ta samu wanda a T20 ɗan kaɗan ne, amma Ingila ta zo obar ƙarshe tana neman 15, Moeen Ali na Ingila ne ke bugu, aka miƙa ƙwallo ga Aamer Jamal wanda ranar ce ma ya fara yi wa ƙasarsa wasa, yaron nan ya hana su, Pakistan ta ci da maki 6. Wanda bai san lissafin ba zai ga mutum na jifa kawai, wanda ya sani kuwa ba zai iya zama a kujera ba.

Oba shida na farko kuma ka lura da inda masu tare ƙwallo ke tsaye. Akwai da'ira a tsakiyar fili mai nisan yadi 30, a wannan lokacin mutum biyu kaɗai aka yarda su tsaya a wajenta, daga baya har biyar. To bakin fili a buɗe yake, masu bugu na farko sukan ci kasuwarsu a nan. A ODI oba goma na farko ne haka.

Kar ka rasa jefa kwabo da ake yi kamar rabin awa kafin wasa, ba al'ada ce kawai ba. A wasan dare a irin su Karachi da Lahore raɓa na sauka, ƙwallo ta jiƙe ta riƙa sulɓewa daga hannun mai jifa, musamman masu murza ta da yatsu, don haka kyaftin da ya ci kwabo sau da yawa yakan ce shi zai fara jifa ya bar bugun sai daga baya. In kuma ruwan sama ya sauko aka rage oba, za ka ga an rubuta DLS an canza makin da ake nema, wata dabarar lissafi ce da ke duba jifan da ya rage da mutanen da suka rage, kwamfuta ke yi, kai dai ka karɓi sabon adadin ka ci gaba da kallo. Sai dai ka sani a T20 sai kowane ɓangare ya samu aƙalla oba 5 kafin a ce an samu sakamako.

Maganar lokaci, Pakistan ta riga mu da awa huɗu, wasannin nan na 2022 ƙarfe 7:30 na dare aka riƙa farawa a can wanda ya yi daidai da 3:30 na yamma a Kano ko Maraɗi, wato ka yi La'asar ka zauna, Magariba kuma takan riske ka ana tsakiyar zagaye na biyu. A gidan kallo kuwa kar ka sa rai, ranar da ake firimiya babu mai canza maka tasha, ni da na gwada roƙo dariya aka yi min har da masu tambaya ko lafiya nake. Waya ta fi, ESPNcricinfo da Cricbuzz suna rubuta abin da ya faru jifa bayan jifa kuma ba sa cin data kamar bidiyo.

Sannan ka bi ziyarar a matsayin labari ɗaya, kar ka kalli wasa guda ka tafi. Ka fara da sanin me ya sa aka damu da ita. Wannan ta 2022 ita ce zuwan Ingila Pakistan na farko tun 2005, don bayan harin da aka kai wa motar 'yan wasan Siri Lanka a Lahore a watan Maris na 2009 ƙasashe sun daina zuwa, Pakistan ta yi shekaru tana karɓar baƙinta a Daular Larabawa. Ka duba kuma su wa aka zo da su, Jos Buttler kyaftin ɗin Ingila a lokacin yana fama da rauni don haka Moeen Ali ne ya ja ragama, kuma dukkan ɓangarorin biyu gwajin 'yan wasa suke yi saboda gasar cin kofin duniya da ke tafe a Ostareliya, shi ya sa za ka ga an ajiye wanda ya yi ƙoƙari jiya an sako wani yau, ba rigima ba ce. Ingila ta ci na ɗaya, Pakistan na biyu, Ingila na uku, Pakistan ta ci na huɗu da maki 3 kacal ta ƙara da na biyar ta wuce gaba 3-2, Ingila ta dawo ta kwashe biyun ƙarshe aka tashi 4-3 ranar 2 ga Oktoba. Sati shida bayan nan, 13 ga Nuwamba, su biyun dai suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na kofin duniya a Melbourne, Ingila ta ci da wikit 5.