Yadda za ka hau dogon tsauni ka dawo gida lafiya

Matasan Kaduna da suka saba hawan duwatsun Kagoro da Kufena sun fara hangen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, kuma ya kamata su sani cewa ƙarfin ƙafa ba ya maganin ƙarancin iska. Ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska ke jawowa, yakan fara ne daga wajen mita 2,500, alhali Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai. Ke nan babu inda za ka gwada jikinka a gida.

Kafin ka biya kuɗin jirgi, je wurin likita a duba zuciya da huhu, a kuma yi gwajin sikila, domin ko mai AS saifarsa na iya samun matsala a can sama.

Idan ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Zaɓi tafiyar kwana bakwai ko takwas a kan ta kwana biyar, ko da ta fi tsada. Ciwon kai da tashin zuciya alama ce ta a dakata. Amma idan ka ga abokin tafiyarka yana haki alhali a zaune yake, yana tari da kumfa, ko yana tangaɗi ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, to ruwa ne ya taru a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kada a saurari roƙonsa, domin a wannan hali hankalinsa ba ya tare da shi.

Ku tsayar da lokacin juyawa tun kuna ƙasa. A watan Mayun 1996 mutum takwas suka rasu a Everest, dutse mafi tsayi a duniya, bayan guguwa ta rutsa da su, wasunsu kuwa sun isa ƙololuwar ne bayan lokacin da ya kamata su juyo ya wuce.

Sai kuma 'yan dako, waɗanda aka fi mantawa da su. A Afrilun 2014 zaftarewar ƙanƙara ta kashe 'yan Nepal 16 a Everest suna kan aikin kai kayan baƙi sama, yawancinsu magidanta ne. Saboda haka tambayi kamfanin da zai kai ka nauyin da kowane ɗan dako ke ɗauka, ko yana da rigar sanyi da takalmin kirki, da kuma wanda zai biya kuɗin asibiti idan ya kwanta.