Zawon yara: abin da uwa za ta yi a gida tun ranar farko

Iyaye mata a Maraɗi sun daɗe da sanin alamar zawo mai haɗari: maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yaro na kuka ba hawaye. Ganinsu daidai ne. Wajen magani ake kuskure, a shafa haɗi a maɗiga ko a sa yatsa a ɗaga ganɗa. Maɗiga ta faɗa ne don ruwan jiki ya ragu, kuma ta baki ake mayar da shi.

Da yaro ya yi kashi mai ruwa sau 3 a yini, ki fara. Ki wanke hannu da sabulu, ki juye ƙunshin SRO (garin gishiri da sukari na asibiti mai mayar da ruwan jiki) ɗaya gaba ɗayansa cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya ko na gulbi sai an tafasa ya huce. Ledar ruwa mai rabin lita guda biyu ita ce lita. Babbar gorar ruwan kanti kuwa lita ɗaya da rabi ce, in kin cika ta haɗin ya tsinke. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

In dare ne kuma babu ƙunshi a gida, ki sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita 1, kowane cokali a shafe bakinsa, ba tozo. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A nan hannu ke zarcewa. Sukari in ya yi yawa yana janyo ruwa cikin hanji, zawo ya ƙaru, shi ya sa lemun kwalba ba ya cikin lissafi. Gishiri mai yawa kuma yana iya sa yaro jijjiga. Kanwa ba ta shiga.

Bayan kowane kashi, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100, kusan ɗan kofin shayi ɗaya ko biyu. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Ki zaunar da shi a cinya, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, ban da ɗura. In ya yi amai ki jira minti 10, ki ci gaba a hankali.

Nono kada ya tsaya, ko ana cewa ya yi zafi don uwa ta sha rana, ko don ta sami ciki. Ki ƙara yawan shayarwa ma. Wanda ya wuce wata 6 a ci gaba da ba shi kunun gero mai kauri da ɗan mai ko ƙuli, da ruwan dafaffiyar shinkafa mai ɗan gishiri. Garin ƴaƴan kuka da tsofaffi ke zubawa a kunu ba shi da laifi. Hana abinci don ciki ya huta shi ke kai yaro ga tamowa, tamowa kuma ta sake buɗe wa zawo ƙofa. Bayan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kullum har mako 2.

Jiƙon sabara da bagaruwa suna da bauri, suna iya ɗaure kashi, sai uwa ta saki jiki alhali yaro na bushewa. Ba su da ma'auni, kuma jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi jiƙo kowane iri, daga nono sai SRO. Cewa zawon haƙori ne ma na sa a yi sake: lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, komai na ƙasa sai baki.

Ƙwayar zinki tana rage kwanakin zawo, tana kuma kare yaro daga dawowarsa na wata 2 zuwa 3. Miligiram 20 ne kullum, kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 rabin ƙwaya, a narka ta a cokali da nono ko ruwa. Da yawa suna dainawa da zarar kashi ya daidaita, ribar kuwa tana ga cika kwanakin. Kafso da maganin tsayar da zawo na ƴan talla ba na ƙananan yara ba ne, suna iya kumbura ciki.

Ki tsunkuli fatar cikinsa ki saki. In ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko akwai jini a kashi, ko zazzaɓi, ko kwana 3 ba sauƙi, a tafi CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) ko likita mafi kusa, ana ba shi ruwan a hanya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kashi fari tsululu irin ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, alamar kwalara ce, wadda ta ɓarke a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, a 2018. Wannan ba a kwana da shi a gida.